Lojisiyel ɗin da na saya da kuɗina, in na yi mishi kwafin ajiya na yi sata?

Sakatariya_Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Ina da ƴar sakatariya nan unguwar Zariya, kwamfuta huɗu da firinta, muna buga takardu da katin biki da na suna. Satin da ya wuce dis dur na babbar kwamfutar ya mutu, da safe na kunna sai ƙara ƙat ƙat ƙat shi kenan. Alhamdulillahi takardun mutane suna kan wani dis na waje amma lojisiyel duk sun tahi. Da na buɗe akwatin CD ɗina na iske biyu sun kakkarce, ɗaya kuma ba ya karantuwa sam, kuma da kuɗina na saye shi faktir ɗin ma tana nan. Yanzu niyyata duk wanda ya rage in maida shi ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya cikin fayil guda, in zuba kan dis biyu, ɗaya shago ɗaya gida. Sai yaron da ke taya ni aiki ya ce wai an rubuta jikin kwalin ba a yarda a kwafa ba, wai ko don ajiya ne sata ce. Ni ba ni son cin haram kuma ba ni son in sake wannan asara. Masu sani ku taimaka, doka mi ta ce, addini mi ya ce?

Ɗan_Mokoyo: Wa alaikumussalam. Yaya kai ma dai, wa zai taso daga Amurka ya zo Maradi ya buɗe akwatinka? Kwafa ka aje kawai.

Sakatariya_Zariya: Ƙanena ba tsoron kamu nake ba. Da wannan shagon nake ciyar da iyalina, so nake in san abin da nake ci.

Ɗalibar_Shari'a: Baba sannu da asara, Allah ya maida alheri. Yaronka ya karanta kwali amma bai karanta doka ba. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka mai ƙasashe 17, hedkwatarta Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda aka yi wa gyara 1999 da 2015 tana aiki a kanmu. Cikin rataye na bakwai, wanda ya shafi haƙƙin mawallafi, an lissafa lojisiyel cikin ayyukan da ake karewa kamar littafi, amma an buɗe ƙofa ga wanda ya mallaki kwafinshi ta halal: yana iya yin kwafi ba sai ya nemi izini ba kuma ba sai ya ƙara biya ba, in dai don ajiya ne, saboda ya maye gurbin na asali in ya ɓace ko ya lalace. Sharaɗin shi ne kwafin ba zai yi wani aiki daban ba, kuma ranar da haƙƙinka kan na asalin ya ƙare, misali ka sayar ko ka kyautar, to kwafin ma sai ka goge shi. Nan gida kuma muna da dokar haƙƙin mawallafi ta 23 ga Disamba 2010, da ofishin BNDA da ke kula da wannan fanni.

Ba mu kaɗai ba. Amurka tun 1980 suka sa irin wannan a sashe na 117 na dokarsu, Turai kuma tun 1991 suka ce ko kwantiragi ba zai hana mai haƙƙin amfani yin kwafin ajiya ba in ana buƙatarshi.

Sakatariya_Zariya: Allah ya yi miki albarka ɗiyata, hankalina ya ɗan kwanta.

MaiGyara_BabbarKasuwa: Abin da malama ta faɗa gaskiya ne amma Alhaji bari in gaya maka abin da muke gani kullum kan teburin gyara. Mutane suna ta tattalin faifai, alhali faifan ba shi ne lasisin ba. Windows ɗin ma Microsoft da kansu suna barin kowa ya sauke ISO kyauta daga shafinsu, ba su ɓoye shi ba, abin da kake biya shi ne izinin amfani, wato kle ɗin nan mai haruffa 25 ko lasisin da aka ɗaure jikin injin. Mutum ya zo min da dis cike da ISO kala kala, in ce ina kle, sai ya ce ai yana jikin kwalin da yara suka yi wasa da shi. To mi ka aje kenan? Ka aje rijiya ka yar da guga.

Kuma lasisin Windows ba iri ɗaya ba ne. Akwai OEM wanda ke zuwa tare da kwamfuta, shi ɗaure yake da kart mer, wato babban allon da ke cikin injin, in injin ya mutu ya mutu tare da shi ba ka ɗauke shi ka kai wani. Tun Windows 8 ma sun daina manna takardar kle a gindin kwamfuta, cikin BIOS, wato ƴar ƙwaƙwalwar da ke jikin kart mer, suke sa shi. Akwai na kwali wanda ka saya shi kaɗai, shi kana iya cire shi daga wannan ka kai waccan amma ɗaya dai a lokaci ɗaya. Sai na manyan kamfanoni da ma'aikatu. In kana son sanin wanne gare ka, buɗe cmd ka rubuta slmgr /dli zai nuna maka ko OEM ne ko RETAIL, wato na kwali, ko VOLUME, wato na ma'aikatu.

Sakatariya_Zariya: To malam mai gyara, ke ma ɗiyata, in na yi ISO na lojisiyel ɗin zane da na saya, ina iya zuba shi kan kwamfutocin nan huɗu tunda duk nawa ne kuma shago ɗaya?

Ɗalibar_Shari'a: A'a Baba, nan ne ƙofar ta rufe. Kwafin ajiya kamar tayar sukur ce, tana nan rataye sai ta ƙasa ta fashe. In ka zuba shi kan huɗu ya zama amfani huɗu, sai ka duba lasisin ya ce injin nawa. Wasu ɗaya ne, wasu suna yarda da biyu in mutum ɗaya ke aiki da su ba lokaci guda ba.

Hajiya_MaiSurfani: Salamu alaikum. Ni dai wannan magana ta taɓa ni don na ɗanɗana. Ina da keken surfani na kwamfuta, lojisiyel ɗin da muke zana adon wuyan riga da shi yana da wani ɗan kle da ake soka wa jikin kwamfuta, in babu shi ba ya buɗewa. Ɗana ya yi min kwafi har uku na faifan, muna ganin mun gama tsaro. Ran nan da damina wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar har da ɗan kle ɗin, ana saura kwana 12 sallah, ga kayan mutane jibge. Kwafi ukun nan ba abin da suka tsinana min. Na kira wanda ya sayar min ya ce sai na maida mishi ƙonannen sannan a aiko wani daga waje kuma sai na ƙara kuɗi, sai bayan sallah da sati uku ya iso. Wasu kayan da hannu muka ƙarasa su wasu na maida wa masu su na ba su haƙuri, har yau akwai matar da ba ta sake kawo min ɗinki ba. Wani yaro ya ce zai iya fasa shi ya yi aiki babu kle, na ƙi, amma wallahi har yanzu ina tambayar kaina, abin da na biya kuɗinshi cif in na fasa don in yi aikina wa na zalunta?

Ɗalibar_Shari'a: Hajiya wannan tambayar taki ita ce mai wuyar. Izinin kwafi daban, fasa makulli daban. A Amurka dokar 1998 da ake kira DMCA ta hana fasa makullin lojisiyel, har sai ka ga mutum yana da haƙƙin kwafi amma ba shi da hanyar yin shi ta halal. Kin yi daidai da kika ƙi, ko don cutar da ke zuwa cikin irin waɗannan fasassun.

Mushe_Info: Ina koyar da kwamfuta a wata lakol nan gari, bari in ƙara kan maganar Hajiya. Ɗan kle ma ana iya aiko wani, mafi muni shi ne lojisiyel da sai ya kira gida ta intanet kafin ya yarda ya yi aiki. Wannan tsarin ya yaɗu tun Windows XP a 2001. In kamfani ya rufe sabar da ke amsa kiran, faifanka da kwafinka da faktir ɗinka duk sun zama kayan ado. Ya faru da Adobe CS2, da suka kashe sabar wajen ƙarshen 2012 sai da suka fitar da wani kwafi da lambar da ba ta buƙatar kira saboda waɗanda suka riga suka saya, mutane suka yi ta yaɗa cewa ya zama kyauta alhali ba haka suka ce ba. Kuma a 2013 Adobe suka koma abonma gaba ɗaya, ka biya duk wata ko duk shekara. Shi abonma babu ma zancen ajiya, Microsoft 365 in kuɗinka ya ƙare kana buɗe takarda ka karanta amma ba ka gyara ta.

Shi ya sa ni salle ɗinmu na maida shi Linux Mint da LibreOffice da GIMP da Inkscape. Lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar 1989 da ire-irenshi sun ce kwafa, aje, raba wa wanda kake so. Kle na USB ɗaya na zagaya da shi injin 20 ban karya dokar kowa ba.

Sakatariya_Zariya: Mushe na gwada LibreOffice ɗin nan bara. Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya kawo memuwar ɗinshi da ya yi da Word, na buɗe sai teburori suka goce lambar shafi ta canza, ranar da zai ajiye kuma. Ga koyarwa yana da kyau, ga kasuwa abokin ciniki ba ya jin wannan bayani.

Mushe_Info: Alhaji yawanci rashin irin rubutun da ya yi aiki da shi ne ke kawo gocewar, ba lojisiyel ɗin ba. Ka ce su riƙa kawo PDF in bugawa kawai za a yi. Kuma tunda an zo nan, su ma irin rubutun suna da lasisinsu, masu katin biki suna ta kwasar su daga kle zuwa kle ba wanda ke dubawa. Akwai na kyauta masu kyau da ke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ cikakku, irin Charis da Andika na SIL da Noto na Google.

Ɗan_Mokoyo: Yauwa wannan ta ƙarshen ta amfane ni, kullum ƴ ɗina sai ta fito akwati.

Malam_Bagalam: Bismillah. Alhaji ya tambayi addini kuma ba a amsa mishi ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna Kuwait a watan Disamba 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, masu shi suna da ikon sarrafa shi kuma bai halatta a keta shi ba. Sannan akwai hadisin da ke cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda ya latsa na yarda kafin ya zuba lojisiyel ya ɗauki alkawari ko bai karanta ba. Amma abin da Alhaji ke son yi, tsare dukiyar da ya saya kada ta salwanta, ban ga laifi cikinshi ba, tunda ba ya rage wa mai haƙƙi ko dala kuma dokar ƙasa ta ba shi. Inda za a kiyaye shi ne ranar da maƙwabci ya ce ara min dis ɗin nan in zuba, nan kunya ke sa mutum ya faɗa abin da ya guda. Wallahu a'alam.

Bagobiri_Tibiri: Malam a gafarce ni, ina girmama maganarku amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗanga kamfanoni kuɗɗin da sunka sa ma kayansu na mutanen Faransa da Amurka ne, yaron da ya gama lakol shina son koyon zane ya samu na abinci, kuɗɗin abonma na shekara ya hi abin da ubanshi ka samu ga damina guda. In munka ce kowa sai ya biya to ɗiyanmu ba su koyon komi. Ni ban ce a sayar ba, amma wanda ya ba yaro ya koya ban iya ce mishi ɓarawo.

Malam_Bagalam: Ɗan uwa tsadar gaskiya ce, ban musa ba, kuma akwai malaman da suka sassauta wa ɗalibi mai amfanin kanshi. Amma lalura tana da iyaka, ga Mushe ya lissafa na halal kyauta. In akwai ruwa ba a taimama.

Bagobiri_Tibiri: Ruwan akwai amma in yaron ya tahi neman aiki ba a tambayarshi GIMP, Photoshop a ka tambaya.

Mushe_Info: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ni ma tana damuna.

Ɗan_Jibiya: Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Mu Najeriya ba ma cikin OAPI, dokarmu daban, an sa hannu kan sabuwa a 2023. Amma ina so masu gyara su ji wani labari. Akwai wani Ba'amurke mai suna Eric Lundgren da sana'arsa ita ce farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Ya sa aka buga masa faifan dawo da Windows guda 28,000 a Sin, irin wanda ke zuwa da kwamfutar Dell, hujjarsa ita ce abin da ke ciki kyauta ake sauke shi kuma ba ya aiki sai injin da ke da lasisi. Kwastan suka kama kayan, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da ɗaurin wata 15 da tarar dala 50,000. Abin da ya ƙara kayar da shi, faifan an yi musu tambari da rubutu kamar na kamfanin ne ya buga, kuma don sayarwa aka yi su.

MaiGyara_BabbarKasuwa: Subhanallah. To ni da kle ɗina mai Windows 10 da 11 da nake zuba wa mutane kullum fa?

Ɗalibar_Shari'a: Yaya naka daban ne in dai daga shafinsu ka sauke kuma injin mutumin yana da lasisinshi, kuɗin aikin hannunka kake karɓa ba kuɗin Windows ba. Matsala tana farawa in injin ba shi da lasisi ka sa mishi abin da zai nuna kamar yana da shi. Kuma kan zancen sayarwa, kotun Tarayyar Turai a shari'ar UsedSoft da Oracle ta 2012 ta ce wanda ya sayi lasisi na dindindin yana iya sayar da shi, amma dole ya lalata kwafin da ke hannunshi. A 2016 kuma ta ce shi faifan ajiyar ba a sayar da shi sai da izinin mai haƙƙi, ko da na asalin ya lalace. A Amurka kuwa shari'ar Vernor da Autodesk ta 2010 ta tafi wani ɓangaren, aka ce mutumin izinin amfani aka ba shi bai mallaki kwafin ba. Waɗannan ba kotunanmu ba ne, na kawo su ne ku ga su ma can ba bakinsu ɗaya ba.

MaiGyara_BabbarKasuwa: Na gode ƙanwata. Gaskiya ba zan ce ban taɓa yin na biyun ba, mutum ya tsaya kanka yana cewa ka cire min rubutun nan da ke kusurwa mai cewa Windows ɗin ba shi da lasisi. Zan riƙa gaya musu gaskiya tun kafin in taɓa.

Alhaji koma kan ajiyarka. Faifan da ake ƙonawa a gida zafi da rana suna cinye shi, ka san zafin watan Afrilu nan garin cikin shagon kwano, ga ƙurar hunturu. Kle na USB shi ma ba wurin ajiyar shekaru ba ne, in ya daɗe ba a soka shi ba yana iya zubar da abin da ke ciki. Dis biyun da ka ce ya yi, amma duk bayan wata shida ka jona su ka buɗe ka gani. Cikin kowane dosiye ka sa ISO ɗin, da hoton faktir, da hoton kwali inda kle yake, da takardar lasisin, da adireshin imel ɗin da aka yi rajista da shi don Office na yanzu jikin kont yake ɗaure ba jikin faifai ba. Kle ɗin kuma ka rubuta su da biro cikin littafi ka kai gida. Kuma ka sayi ondiler, na'urar nan mai kare kwamfuta daga wasan wuta, ko don labarin Hajiya.

Hajiya_MaiSurfani: Ondiler kam yanzu biyu gare ni, ɗan kle ɗin kuma in mun tashi aiki cire shi nake in ɗaure bakin zane.

Sakatariya_Zariya: Jama'a na dawo, na yi abin da mai gyara ya ce kan injin ukun da suka rage. Ɗaya ya nuna OEM, biyu kuma sun nuna VOLUME_KMSCLIENT, su ne waɗanda na saya okaziyo aka ce min daga Turai suka zo da Windows ɗinsu na asali. Mi ke nan?

MaiGyara_BabbarKasuwa: Wannan lasisin ma'aikata ne Alhaji, sai injin ya riƙa gaisawa da sabar ma'aikatar aƙalla duk kwana 180. Injin da ke Maradi shekara biyu yana nuna haka, ƙila wani ya sa mishi abin da ke kwaikwayon sabar. Amma kada ka tada hankali, da yawa irin waɗannan injin suna da OEM ɗinsu kwance cikin BIOS, in aka yi formataj aka zuba irin wanda ya dace da shi, Home ko Pro, sai ya kama da kanshi. Kawo ɗaya gobe bayan azahar mu duba. Kuma ka tuna Windows 10 an daina ba shi gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, sai mu ga ko za su ɗauki 11.

Sakatariya_Zariya: In sha Allah zan kawo. Saura guda, faifan nan da ya mutu ban riga na kwafe shi ba. Wani abokina mai sakatariya a Sabon Gari yana da irinshi sak, shekara ɗaya. In na ari nashi na yi ISO na zuba da kle ɗina na kaina fa?

MaiGyara_BabbarKasuwa: Ni a wurina babu komi, abin da ke cikin faifan iri ɗaya ne, kle ɗin ne naka kuma ka biya.

Ɗalibar_Shari'a: Ni kuma zan ɗan ja baya. Rubutun dokar yana magana kan mai kwafi ya yi kwafin nashi, shi abokin Baba izinin da gare shi na ajiyar kanshi ne ba na ba wani ba. Baba fara duba shafin kamfanin, da yawa suna barin wanda ke da lamba ya sauke tsohon lojisiyel ɗinshi, in babu ka rubuta musu da hoton faktir.

Bagobiri_Tibiri: In kuma ba su amsa ba? Mutum ya zauna da shago rufe shina jiran wasiƙa?

Malam_Bagalam: Ya rubuta tukuna, ya ajiye shaidar ya nema. In sun yi shiru sai mu sake zama kan maganar.

Sakatariya_Zariya: To zan sa yaron ya rubuta musu da Faransanci yau da dare. Ɗiyata in na turo miki ta gefe ki duba min kafin mu aika, katin bikin mutum biyu na jirana ranar Alhamis.